MASU LASIFIKA DA MAJALISARSU: ƘARA DABAM, SAUTI DABAM

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. To, a zamanin nan da muke ciki, yawancin abin da kunnen jama'a ke ji a wurin taro sai ya bi ta makirfo, ya ratsa waya, ya shiga amfilifaya, sa'an nan lasifika ta furzo shi. Ko a Mahuta, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fakai ta masarautar Zuru a Jihar Kebbi, haka abin yake. Da kiran salla da huɗubar Juma'a, da addu'ar majami'a ran Lahadi, da shelar allurar rigakafi, da taron siyasa, da shagalin aure, har da mai tallar magani ran kasuwa, babu wanda ba ya bukatar mutumin nan da ke tsugune a bayan na'ura yana murɗa maɓallai.

Ba a cika lura da shi ba sai ran da aka sami matsala. In lasifika ta yi kuka a tsakiyar jawabin babban baƙo, nan da nan sai kowa ya waiwaya yana harararsa. In kuwa komai ya tafi daidai, har a watse babu mai ce masa sannu. A gidan rediyo ana kiransa injiniyan sauti, a gari kuwa mai lasifika. Ko wane suna aka ba shi, tambayar da ya kamata ma'aikata da ɗalibai su yi ita ce, a ina wannan mutum ke samun saninsa? Galibi dai a wurin 'yan'uwansa yake samu, watau a shagon gyara, da inuwar da ake zama bayan an kwance kaya, da bayan motar da ta ɗauko lasifikoki. Wannan majalisa ita ce makarantarsa, ita ce kuma ɗakin karatunsa. Saboda haka in maganar da ake yi a cikinta ta inganta, sautin gari ya inganta, in ta lalace kuwa kunnuwanmu ne za su biya bashin.

ASALIN SANA'AR A AREWA

Da fari wannan aiki na gwamnati ne. Tun cikin shekarun 1940 aka fara kai shirye-shiryen rediyo ta waya zuwa akwatuna a manyan garuruwa irin su Kano. A 1957 aka kafa Hukumar Rediyon Nijeriya, shekarar da BBC ta buɗe sashenta na Hausa. A 1962 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kamfaninta na rediyo da talbijin a Kaduna, tare da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Bayan gyaran da aka yi a 1978 gidan ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya.

Injiniyan wancan lokaci ba ya taɓa na'ura sai an horar da shi. Akwai makarantar horon ma'aikatan rediyo a Ikko, akwai littafin da ake rubuta kowace matsala da yadda aka magance ta, akwai kuma na gaba wanda zai duba aikin na baya. Allurar ma'aunin sauti tana gabansa, ya san inda ba a yarda ta wuce ba. Da irin wannan tarbiyya aka ɗauki muryoyin Alhaji Mamman Shata, da Alhaji Musa Ɗanƙwairo, da Ɗanmaraya Jos, aka kuma watsa shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka da Jakar Magori da wasan Samanja, har manomi a ƙasar Zuru ya ji su tangaram a ƙaramar rediyonsa mai batir.

Daga baya sai na'ura ta fara araha. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya mamaye kasuwanninmu cikin shekarun 1970 da 1980, har ya zama duk mai rikoda biyu zai iya kwafar wa'azi ko waƙa ya sayar. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da fim ɗin Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa. A 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talbijin. Kafin ƙarshen shekarun 1990 fiyano ɗin Yamaha ya zama uwa da makarɓiya a ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, sa'an nan kwamfuta ta biyo baya. Yau saurayi da kwamfutar cinya ɗaya da makirfo yana riƙe da abin da babban ɗakin ɗaukar faifai na shekarun 1970 bai mallaka ba.

Wannan ci gaba ne, babu shakka, domin ya buɗe wa dubban matasa hanyar abinci. Amma fa kayan aiki sun riga ilmin aiki isowa. Lasifikar da aka sauke a kasuwar Alaba ta Ikko ko Sabon Gari ta Kano tana iya kwana a Mahuta cikin kwanaki kaɗan, ta hanyar Koko ko ta Dabai, alhali kuwa littafin da ya bayyana yadda ake haɗa ta, in ma yana cikin kwalin, da Turanci ko Sinanci aka rubuta shi. Ratar da ke tsakanin na'ura da saninta, majalisa ce kaɗai ke cike ta.

MAKARANTAR DA BA TA DA ALLO

Yaro yakan fara ne da ɗaukar kaya. Ya ɗora lasifika a ka, ya naɗe waya, ya tada janareta, ya yi gadin kaya da dare. In ya shekara yana haka, sai maigidansa ya bar shi ya riƙa jona wayoyi, daga nan ya kai ga zama gaban na'urar haɗa sauti, wadda masu sana'ar ke kira miksa. Wannan hanya tana da albarkarta, domin hannu da kunne ba sa koyo daga takarda. Akwai tsofaffin masu gyara waɗanda da jin gunjin amfilifaya za su gaya maka inda ciwon yake, kuma in an buɗe a tarar haka ne.

Sai dai majalisar tana da cututtukanta, kuma duk wanda ya zauna da masu sana'ar, a kowane gari, zai shaida guda huɗu.

Ta farko rowar sani. Wani maigida in ya zo gyara muhimmin wuri sai ya ce, "Kai yaro, je ka sayo mini ruwa." Kafin yaron ya dawo an gama. Yana tsoron kada gobe yaron ya buɗe shago ya ƙwace masa masu ciniki. Ran da irin wannan maigida ya kwanta dama, saninsa ya bi shi kabari.

Ta biyu wulaƙanta mai tambaya. Yaro ya ce, "Maigida, me ya sa wannan ke zafi?" sai a kwashe da dariya, a ce har yanzu bai san wannan ba. Daga ranar ya kama bakinsa, ya koma yin aiki da ka. An manta cewa matambayi ba ya ɓata.

Ta uku bautar suna. Sai a kwana ana musu a kan wane kamfani ya fi wane, kowa na kare abin da ya saya kamar yana kare garinsu, babu wanda zai ce a kawo su a gwada. Alhali kuwa sau da yawa sunan da ke jikin akwatin dabam, abin da ke cikinsa dabam.

Ta huɗu, wadda ta fi kowacce ɓarna, ita ce gasar ƙara. A wurin da yawa daga masu sana'ar, gwani shi ne wanda aka ji kiɗansa daga ƙauye na gaba. Mai biki ma haka yake so, ɗan siyasa kuwa ba a magana. Ta haka ƙara ta zama ma'aunin ƙwarewa, aka bar tambayar da ta fi muhimmanci, watau shin na bayan taro ya fahimci abin da aka faɗa?

ABUBUWAN DA AWO YA RIGA YA YANKE

Abin sha'awa shi ne, yawancin musun da ake tafkawa a majalisa ilmin kimiyya ya daɗe da raba gardamarsu, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba.

Mu fara da ƙarfin amfilifaya, wanda ake aunawa da wat. Da yawa sun ɗauka in an bar mai wat 500 aka sayi mai wat 1,000, ƙara za ta ninka. Ba haka ba ne. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, sunan da aka samo daga Alexander Graham Bell mai wayar tarho, kuma ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, abin da kunne ke ji kamar ɗan ƙari kaɗan. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka sai an ƙara wajen desibel 10, watau sai an ninka wat sau goma. Bugu da ƙari, ba kowace lamba da aka buga a kwali ce gaskiya ba. Na'ura ba ta iya dawwama tana ba da ƙarfin da ya wuce wanda take sha daga wutar lantarki. Saboda haka mai saye ya juya bayanta ya karanta wutar da take ci. In ya ga kwali na shelar dubbai alhali bayan na'ura na nuna 'yan ɗaruruwa, ya san inda aka dosa.

Na biyu, nisa. A fili, duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakaninka da lasifika, sauti na raguwa da desibel 6. Lasifikar da ke ba da desibel 100 a tazarar mita 1, za ta ba da 94 a mita 2, da 88 a mita 4, da 82 a mita 8, da 76 a mita 16, da 70 a mita 32. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya tara lasifikokinsa duka a gaban rumfa, ba zai iya jiyar da na baya ba sai ya kurmantar da na gaba, kuma na gaban nan su ne dattawa da manyan baƙi da yaran da ke zaune a ƙasa. Magani shi ne a ɗaga lasifika sama da kawunan mutane, a kuma rarraba ƙanana a cikin fili, kowacce da ƙara madaidaiciya.

Amma rarrabawar ma tana da nata sharaɗi. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, ya ɗan fi haka sauri in ana zafi irin na watan Afrilu, alhali a cikin waya kusan nan take yake isa. Wanda ke zaune kusa da lasifikar da aka kafa mita 34 daga mumbari zai fara jin ta, sa'an nan bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa sautin ta gaba ya iso, sai kalma ta hau kan kalma. Wannan shi ne abin da ke dagula huɗuba a wasu manyan masallatai da filayen Idi. Akwai na'urar da ke jinkirta sautin lasifikar baya don su iso tare, kuma miksa ta zamani da yawa tana ɗauke da ita a ciki, sai dai ba a taɓa maɓallin.

Na uku, ƙonewar kaya. Kowace lasifika tana da nauyin da take ɗora wa amfilifaya, ana auna shi da om. Lasifika biyu masu om 8 in an jona su gefe da gefe a baki ɗaya sun koma om 4, in huɗu ne sun koma om 2. Gwargwadon raguwar lambar, gwargwadon wutar da amfilifaya za ta tura, har ta yi zafi ta mutu in ba a gina ta don haka ba. Sau nawa aka ɗora wa janareta ko maƙiya laifin abin da wannan ɗan lissafi zai hana? Haka nan jar fitilar da ke walƙiya a gaban amfilifaya gargaɗi ce cewa an matsa mata fiye da ƙima, murya ta fara fashewa, kuma ƙaramar lasifikar da ke fid da siririn sauti ta kusa ƙonewa. Ai dama an ce in ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Na huɗu, kukan lasifika. Abin da ke faruwa shi ne, makirfo ya ji abin da lasifika ta faɗa, ya mayar mata, ta sake faɗa da ƙarfi, ya sake ji, har abin ya zama ihu. Ba ya bukatar sabon kaya. A sa lasifika gaba da mai magana, bakinta na kallon jama'a, mai magana ya matso da makirfo kusa da bakinsa, kada ya dunƙule kansa da tafin hannu, a kashe duk makirfon da ba a amfani da shi. Gunjin nan kuma mai kauri da ake ji ko babu mai magana, galibi wutar lantarki ce, wadda a ƙasar nan ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ta sami hanyar shiga ta wayar da ta kwance ko wadda aka shimfiɗa a jikin wayar wuta.

Duk waɗannan ba asiri ba ne. Majalisar da aka saba faɗinsu a fili, ana zana su a ƙasa da tsinke don yaro ya gani, ta fi wadda ke da kayan miliyoyi.

YADDA WASU SUKA GYARA TASU MAJALISAR

Kada mai karatu ya ɗauka wannan musu namu ne kaɗai. Injiniyoyin Turai da Amurka ma sun sha fama da shi, har yau kuma ba su gama ba. Bambancin shi ne sun yi wa gardamarsu ƙa'ida. A 1948 suka kafa ƙungiyar injiniyoyin sauti a birnin New York, wadda ake taƙaita sunanta da AES, daga 1953 kuma ta fara buga mujallarta. Dokar wannan zaure ita ce, duk wanda ya zo da magana ya zo da yadda ya auna, don wani ya maimaita ya gani ko haka ne.

Babban abin da suka gano shi ne ido na ruɗin kunne. Mu mukan ce gani ya kori ji, amma a wannan sana'a gani ɓata ji yake yi. A 1982 wani injiniya mai suna David Clark ya bayyana wata hanyar gwaji a mujallar ƙungiyar: a jiyar da mutum na'ura ta ɗaya, a jiyar da shi ta biyu, sa'an nan a kunna ɗaya daga cikinsu ba tare da shi ko mai kunnawar sun san wacce ba ce, a ce ya faɗa. In an maimaita sau da yawa bai wuce abin da mai canki-canka zai samu ba, to bambancin da yake rantsuwa yana ji a zuciyarsa yake. A 1994 kuma Floyd Toole da Sean Olive suka gwada masu sauraro, har da ƙwararru, da lasifikoki iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya a bayan labule, sau ɗaya a fili. Da aka yaye labule sai makin ya canza, manya masu tsada da ƙyalli suka sami ƙari.

Wannan gwaji ba ya bukatar kuɗi. Zani ɗaya da igiya sun isa. Da masu lasifikar Mahuta ko Zuru ko Ribah za su rataya labule, su daidaita ƙarar kayan biyu, su sa wanda ba shi da hannu a musun ya riƙa canzawa, da gardamar shekara ta mutu a yammaci guda. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gasar ƙara ma sun yi ta. Tun daga shekarun 1990 kamfanonin faifai suka dinga matse waƙa don ta fi ta wani ƙara, har kiɗa ya rasa numfashi. A 2010 Ƙungiyar Gidajen Rediyo da Talbijin ta Turai ta fito da ma'auni guda, mai lamba R128, wanda ya daidaita ƙarfin kowane shiri, don kada talla ta firgita mai sauraro bayan labarai. Da aka ɗaure kowa a ma'auni ɗaya, sai ribar ihu ta ragu.

ABIN DA MUKE IYA RASAWA

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa a kan lasifikar biki? Abubuwa uku ne, kuma babu wanda kuɗi ke mayarwa.

Na farko kunne. A can cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi, kimanin 16,000, su ne ke mai da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke karantawa. In ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade cewa desibel 85 sa'a 8 ne iyakarsa a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 na raba lokacin biyu: 88 sa'a 4, 91 sa'a 2, 94 sa'a 1, a desibel 100 kuwa minti 15 kacal. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro, a 2022 kuma ta ba da shawarar kada wurin shagali ya wuce desibel 100. A nan gida akwai dokar ƙayyade ƙara ta 2009, wadda hukumar kare muhalli ta NESREA ke kula da ita. Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne mai lasifikar kansa da yaransa. Abin takaici, siririn sauti ne ke fara ɓace masa, sai ya ƙara murɗa shi don ya ji, jama'a na toshe kunne shi kuwa yana ganin daidai ne. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Na biyu harshe. Hausa harshe ne da ma'ana ke rataye a kan ƙananan bambance-bambance. Kara da ƙara, baki da baƙi, saya da tsaya, ɗan abin da ya raba su yana cikin siririn sautin nan da ke fara lalacewa in murya ta fashe. Gari na zama da gari na tuwo kuwa tsawon wasali ne ya raba su. Harsunan ƙasar Zuru, irin su C'lela na Dakarkari da Fakkanci, su ma harsuna ne masu karin sauti. In aka cika wa murya eko har kowace gaɓa ta maimaitu sau uku, ko aka matse ta da manhajar gyaran murya ta Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, har ta koma kamar ta ƙarfe, kalma na iya fita amma ma'ana ta tsaya a hanya. Shelar ranar rigakafi ko ta rabon taki da ba a fahimta ba, daidai take da wadda ba a yi ba. Kalangu ma, da yake kwaikwayon hawa da saukar magana yake yi, in bes ya danne shi ya daina magana ya koma duka kawai.

Na uku tarihi. Waƙoƙin noma da na kokawa, da kaɗe-kaɗen bikin Uhola da ake yi bayan kaka a ƙasar Zuru, da tatsuniyoyin tsofaffi, da karatun malamai, duk abin da za a gada daga cikinsu shi ne abin da mai ɗauka ya ɗauka. In ya ɗauka a fashe, a fashe jikoki za su ji. Waɗanda aka ɗauka a kaset kuwa zafi da ƙurar hunturu da danshin damina na cin su a hankali. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi shelar cewa na'urorin kunna tef na ƙarewa, kayan gyaransu ma sun daina fitowa. Kwafar tsohon kaset zuwa kwamfuta aiki ne na gwani: a share kan rikoda, a daidaita gudunta, a ajiye asalin kwafin ba tare da an matse shi ba. Wanda ya kara wayar hannu a bakin lasifika ya ce ya adana, ya yi hasarar abin da ba shi da na biyu.

INA MAFITA?

Ga masu sana'ar, mafita na hannunsu. Ƙungiyar da ba ta haɗuwa sai don tsaida farashin haya ko karɓar gudummawar biki, ya kamata ta ware ko da yini ɗaya a wata don sani kawai. A kawo amfilifayar da ta ƙone a buɗe a gaban kowa, wanda abin ya faru a hannunsa ya faɗi yadda aka yi ba tare da an yi masa dariya ba. A ajiye littafi guda, a rubuta matsala da maganinta da Hausa, ko da boko ko da ajami, kamar yadda injiniyoyin rediyo suka saba. Babba ya amsa tambayar yaro da mutunci, in bai sani ba ya ce a gwada. Wanda ya koya wa yaro goma bai rasa kasuwa ba, suna ya yi.

Ga ma'aikatan gwamnati, musamman masu sayo kaya da masu shirya taro a ƙananan hukumomi da ma'aikatun watsa labarai, ya kamata a daina auna ɗan kwangila da yawan akwatunan da ya jibge. Kafin a biya shi, wani jami'i ya je ƙarshen fili ya tsaya, a karanta masa jimla goma, a ga nawa ya kama. In za a sayi kayan sauti na makaranta ko ɗakin taro, a sa kuɗin horar da mai kula da su a cikin kiyasi, domin na'ura ba ta sarrafa kanta. Hukumomin raya al'adu kuma su nemo kasakasan da ke hannun jama'a tun kafin su zama gari.

Ga ɗalibai, wannan fage ne da ke jiran masu ilmi. Abin da ake koya muku a darasin kimiyya game da igiyar sauti da dokar Ohm, shi ne dai abin da mai gyaran bakin kasuwa ke fama da shi kullum ba tare da ya san sunansa ba. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Zuru, ko na Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, in ya zo hutu ya zauna a shagon gyara da ladabi, zai ba da lissafi ya karɓi hannu, kowa ya ƙaru. Wayar da ke aljihunsa ma tana iya ɗaukar manhajar awon ƙara; ko da ba ta kai ma'aunin ƙwararru daidaito ba, ta isa ta nuna cewa an wuce gona da iri.

Mu kuma sauran jama'a, masu biki da masu gayyata, mu ne ke biyan kuɗin ƙarar nan, mu ne kuma za mu iya cewa a rage. Ran da mai biki ya fara yaba wa mai lasifika don an ji kowace kalma, maimakon don an hana unguwa barci, ran nan hirar majalisa za ta canza. Allah Ya ba mu kunnen jin gaskiya, Ya kuma sa wa sana'o'inmu albarka, amin.